Lambar da Aka Rubuta a Hannun 'Yata

Ku ba ni aron kunnuwanku, 'ya'yana da jikokina masu karanta wannan mujalla. Ba zan ce muku ga ta nan ga ta nanku ba, domin wannan ba tatsuniya ba ce, abin da na aikata ne da bakina, kuma na daɗe ina ɗauke da shi kamar dutsen niƙa a ƙirji. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma hannun nan da ta riƙe biro da shi yana cikin labarin.

A lokacin mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya mai shekara bakwai, na koma gidan Babana a Fagge. Baba mutumin gabas ne, daga wajen Barno, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kano har tsufa ya zaunar da shi. Shekarun nan ne kuɗin mai suka cika gari. An canja mana kuɗi, benaye suna ta tsirowa, masinjan ofis ya sayi babur, kowane zaure da rediyo. Tsofaffi suna girgiza kai suna cewa ƙarfe ya yi magana, gini ya yi tsawo, saura me kuma in ba tashin duniya ba. Ni kuwa Allah ya ba ni baki. Tun ina ƙarama in na fara tatsuniya har tuwo yakan ƙone a tukunyar masu saurare, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Don kada in zauna hannu rabbana, Baba ya sama mini aikin hannu wurin wata mai ɗinki a Sabon Gari, kusa da bakin kasuwa. Madam kowa ke ce mata. Kirista ce, mutuniyar kudu maso gabas, amma a Kano ta girma, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta gudu lokacin tashin hankali, ta dawo bayan yaƙin basasa ita kaɗai, ba miji, ba ɗanta na fari. Ba ta ga gawarsu ba, ba ta san kabarinsu ba. Ita ke kan keke, ni ke ɗinka maɓalli da kalmashe bakin zane. Takan ce mini ƙanwata, ni kuma in ce mata Yaya in ba kowa a shagon.

Tana da wani littafin Turanci mai jan bango, duk ya sha hannu. In rana ta take ciniki ya lafa, sai ta buɗe shi ta karanta tana juya mini da Hausa. Labarin wata matar masunci ne da ta wayi gari ta tarar an ɗauke mutanen kirki duka zuwa sama, ƙiftawa da bismilla, ba abin da ya rage sai tufafinsu a inda suke zaune. Waɗanda aka bari kuwa sai wani mai mulki mai daɗin baki ya mallake su, ya ce ba mai saye ba mai sayarwa sai wanda aka buga wa lamba a hannu, wanda kuma ya karɓi lambar ya halaka har abada. Matar masuncin ta yi ta ɓuya da jaririyar maƙwabta, daga rami zuwa kwalekwale. Wallahi in Madam tana karantawa allura takan soke ni ban ji ba. Tsoro ne mai zaƙi, irin wanda mutum ke so a ƙara masa.

Na lura akwai wurin da take maimaitawa, wurin da aka ɗauke mutanen. Wata rana na tambaye ta dalili. Ta ce ita in ta karanta wurin nan sai ta ji kamar nata ma ba kashe su aka yi a hanya ba, ɗauke su aka yi, suna can suna jiranta. Ta ce mutanen cocinsu da yawa suna karɓar aron littafin, kowa da abin da yake nema a ciki, wani yana so ya ga azzalumai sun ga sakayya, wani yana so a gaya masa duniyar nan da ta rikice akwai mai riƙe da linzaminta. Na tambaye ta ko gaskiya ne abin da ke ciki. Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce wani Bature ne ya zauna ya ƙaga, ya ɗebo ɗan abu daga littafin addininsu ya yi masa ado, matar masuncin nan ba a taɓa haihuwarta ba. Ta ce tatsuniya ce ita ma, sai dai ta masu takarda.

Na ji wannan magana da kunnena. Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake.

A wurinmu abin da ke rubuce yana da girma. Ko guntun takarda muka gani a ƙasa mukan ɗauka mu soke a jikin katanga, kada a taka. Tatsuniya kuwa tana da ƙofa, a buɗe ta da ga ta nan, a rufe ta da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce ya tashi ya kama harkarsa. Da na fara kai labarin nan gidan kitso na unguwarmu, sai ban buɗe da komai ba, ban rufe da komai ba. Na ce musu a littafi yake. Na ga yadda idanunsu suka fito, mai kitso ta tsaya da tsinke a hannu, sai daɗi ya kama ni. Wata dattijuwa ta ce ai wannan Dujal ne da malamai ke faɗa. Ban ce mata a'a ba. Kullum na dawo daga aiki sai su tare ni, in ba su na ranar, in ƙara gishiri. Maganar Baturen da ya ƙaga kuwa na haɗiye ta, don na san in na faɗa rabin zaƙin ya tafi.

Sai azumi ya zo, kayan Sallah suka yi wa Madam yawa, don shekarar kowa da kuɗi a hannu. Matan Fagge ba sa fita, yara suke aikowa da yadi, yaran kuma su zubar da 'yar takardar da aka ba su, a zo ana rigimar wannan rigar ta wane gida ce. Shi ne ta samo dabara. Ta maƙala lamba a jikin kowane ɗinki, ta rubuta irinta da biro a bayan hannun yaron da ya kawo, ta ce ya nuna a gida a riƙe. Ni kaina na ga dabarar na yaba. 'Yata ma da ta kawo atamfarta ta Sallah, Madam ta ja hannunta ta rubuta mata, tana tsokanarta wai amaryar Fagge.

Saura kwana huɗu Sallah, bayan azahar, ina gidan kitso, 'yata ta shigo tana nuna wa ƙawayenta hannunta. Dattijuwar nan ta cafko hannun ta duba. Ta tambaya wa ya yi mata wannan. Yarinya ta ce Madam. Wata ta ce ita ma ta ga irinsa a hannun ɗanta, wata ta fita da gudu ba mayafi tana kiran nata. Sannan duk suka juyo kaina. Suka tambaye ni ko ba Madam ɗin nan ce mai littafin ba. Na ce ita ce. Suka tambaye ni ko ba wannan ce lambar da na yi wata guda ina ba su labarinta ba.

Kalma ɗaya ta isa a lokacin. In ce ƙage ne, lambar ɗinki ce. Amma sai na hango kaina maƙaryaciya a idon unguwa, ko kuma su ce da ni ake haɗa baki. Na sunkuyar da kai na ce ni dai haka na ji an karanta.

Kafin la'asar magana ta tsallake katanga ta shiga majalisun maza, ta zama wai wata a Sabon Gari tana yi wa 'ya'yan Musulmi hatimin Dujal. Mutane ga azumi, ga zafi, ga tsohon miki da bai gama warkewa ba tsakanin unguwannin nan biyu. Na ga ana goge hannun yara da kananzir da toka har fata tana ja. Na ga samari sun nufi bakin kasuwa, wasu da sanduna. Na bi su a baya. Tun kafin mu isa na ji ana rufe shaguna, ƙofa bayan ƙofa, mutanen Sabon Gari sun san wannan ƙarar tun da can. Da na iso an riga an jawo kekenta waje an kifar, kansa ya tsage. Ita kuwa tana tsaye a bakin shago, tef ɗin awo a wuyanta, ba ta gudu ba. Wataƙila ta gaji da gudu. Idonta ya zagaya ya faɗo a kaina.

Ta ce, "Ƙanwata, gaya musu. Ke kin san abin da na ce miki."

Na buɗe baki, bakin nan da ke tsayar da tuwo a tukunya, ko iska bai fitar ba. Wani ya ɗaga dutse.

Sai ga Baba yana ratsa mutane da sandarsa, yana jan 'yata da ɗaya hannun. Ashe yarinyar ce ta ruga gida tana kuka don za a goge mata lambarta, ta ce in an goge ba za a ba ta rigar Sallah ba, shi kuma ya gane zancen. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama kamar ya zo sayen goro, ya roƙi Madam ta miƙo ɗinkin jikarsa. Ta ɗauko atamfar da aka yanka, da 'yar takarda maƙale da fil. Ya ɗaga takardar, ya ɗaga hannun yarinyar, ya ce duk wanda ya yi ko aji ɗaya ya matso ya karanta. Wani mai shayi ya duba ya ce sha huɗu ne nan, sha huɗu ne can. Baba ya ce shekara talatin yana aikin jirgi, ba buhun da ya taɓa hawa tarago ba lamba, kuma bai ji an ce buhun gyaɗa ya kafirta ba. Wasu suka yi dariya, amma mai dutsen bai sauke hannu ba. Sai Baba ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa mata nasa hannun.

Ya ce, "Madam, rubuta mini a nan. Ni zan zo in karɓi kayan jikata."

Ta rubuta. Dattijo mai furfura, da azumi a bakinsa da carbi a wuyan hannu. Daga nan taron ya fara zubewa ta baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa dama shi kallo ya zo yi.

A gida Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba. Bayan an sha ruwa ya tambaye ni ko ta taɓa gaya mini ƙage ne. Na ce ta gaya mini. Ya ce to, ya ɗauki butarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kunya ta hana ni komawa shagon sai ranar jajibere. Na tarar da shi a kulle. Maƙwabcinta mai gyaran agogo ya ce ta hau jirgin safe zuwa kudu, ta bar mini saƙo. Ya miƙo rigar 'yata, an gama ta tsaf, da hannu ta ɗinke ta tunda keken ya mutu, an ninke, lambar tana maƙale. Ya ce a kan kujerarta ta bar ta. Na tsaya ina kallon tufafi ba mai su, kamar yadda take karanta mini.

Littafin bai yi mini laifi ba. Ita ya rarrashe ta, ya ba ta inda za ta ajiye mamatanta. Ni ce na cire masa ƙofa na sake shi a cikin mutane. Ku da kuka iya karatu, yanzu labarai sun yi yawa, a takarda da a waya, kuma na ga irin na ƙarshen duniya sun fi saurin gudu, don tsoro yana da zaƙi. In za ku ba wani labari, ku ba shi har da abin da aka gaya muku game da asalinsa. In kuma aka tambaye ku gaskiya ana tsaye a kan ran mutum, kada ku tsaya auna mutuncinku.

Baba ya rasu bayan shekara shida, mutanen Sabon Gari da yawa sun zo gaisuwa. Dattijuwar gidan kitso har ta koma ga Allah tana cewa ni na ruɗe ta, kuma ba ta yi ƙarya ba. 'Yata ta saka rigar ranar Sallah, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ga ta nan tana share hawaye da bayan hannun. Madam kuwa na yi cigiya wurin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa har na gaji, ba wanda ya san garin da ta sauka. Ni tun ranar ban sake yin tatsuniya ba, jikokina sun ɗauka ban iya ba. Saura 'yan shafuka mu gama littafin ta tafi, har yau ban san ko matar masuncin ta tsira ba.