Mzee Swaleh, Wanda Ya Shiga Tirela Sauraron Noti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, da ƙarfe uku da minti arba'in na yamma, muka tsaya a gefen hanya bayan mun wuce garin Gilgil, muka buɗe ƙofar tirelar motar tsere, muka tarar da kai zaune, ka jingina da bango, rai ya yi halinsa. Ni na zare sakatar. Tayoyi takwas na kan kantar da muka kafa da safe, ko ɗaya bai gusa ba.

Mzee Swaleh, babban bakanikenmu, wata biyar kacal na yi a hannunka a garejin Nakuru bayan na gama karatun injiniya. Kai ka nuna mini cewa katakon bangon tirela rufi ne kawai, ba ya riƙe nauyi. Sai a laluba haƙarƙarin ƙarfen da ke bayansa, a huda, a sa faranti ta waje, sannan a ɗaure noti. Kana ganin ina gaggawa sai ka miƙo mini shayi da fanken da ake kira mandazi, ka ce, "Injiniya, sha tukuna. Ƙarfen nan ba gudu zai yi ba."

Ɗabi'arka ce duk kantar da ka kafa, kai za ka raka ta tafiyar farko a cikin tirela, ƙofa rufe, kana sauraro. Ka ce notin da zai kwance sai ya yi magana kafin ya saki. Na ce, "Baba, akwai zafi yau, ga jarkokin fetur a ciki. Bari ni in shiga."

Ka yi dariya. "Kai da ko kukan cikinka ba ka ji? Wuce gaba wajen Wekesa. In akwai matsala zan buga bango da sifana."

Wekesa direba ya ce, "Ƙyale tsohon nan, barci zai sha, ya ce mana aiki ne."

Muka yi dariya, muka tashi zuwa Naivasha. Kantar ta riƙe, Baba. Na bi kowane noti ɗaya bayan ɗaya da safen nan, kuma ban san amfanin da hakan ya yi wa kowa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Mama Zuhura, da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin da ni na rasa.

Mama Zuhura ta roƙe ni in gaya mata komai. Ga abin da ban sani ba. Ban san lokacin da ka cika ba. Likita bai tantance ko zuciya ce, ko zafi, ko tururin fetur ba. Ban tuna wanda ya ƙara muryar rediyo a cikinmu ba. Sifanar tana hannunka na dama, kuma ban sani ba ko ka buga.