Agogon Yaya Mai Lokacin Makka

Yayana ya dawo daga Umara ba shi da lafiya, bai daɗe ba ya rasu. Da aka raba gado agogonsa ya zo hannuna, yana kan lokacin Makka, awa biyu gaba da namu.

Irin agogon nan ne da ake murɗa ɗan kan gefensa ya kulle don kada ruwa ya shiga. Sai an kwance kan ake iya saita lokaci, shi kuwa ya ƙi motsi, gumi da sabulu sun bushe a ciki. Agoguna nake sayarwa a Ƙofar Dumi, na san in na sa filaya haƙoran kan za su cinye, kuma ba zan samu irinsa a Bauchi ba.

Da Yaya na nan, da yana kan bencin shagona yana cewa, "Kai sarkin gaggawa, bari hannunka ya huce tukuna." Babu mai faɗa min, sai na faɗa wa kaina.

Na jiƙa tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi na goge gindin kan. Na naɗa masa roba, na danna kaɗan, na murɗa a hankali. Ya saki.

Na daɗe riƙe da shi a buɗe, domin Yaya ne ya saita wannan lokacin da hannunsa. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba zan yi yawo da agogon da ke ruɗa ni ba. Na mayar da shi lokacinmu, na kulle, na ja ƙofar shago na tafi Azahar ni kaɗai.