Ranar da Aka Daina Yi wa Sanusi Kara

Wannan watan Sanusi ke cika shekara bakwai da rasuwa, Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Masu karatu ba ku san shi ba. Bai riƙe kujera ba, bai tara dukiya ba, ko aure bai kai ga yi ba. Abokina ne, ƙofar gidansu na kallon tamu a Ƙofar Durbi. Abin da ya bari a duniya mujalla ce guda ɗaya ta tsofaffin motoci, wadda ya haɗa don aikin fita kwaleji a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Ni ba marubuci ba ne. Ina aji biyu na sakandare na ajiye littafi na kama gabana, saboda haka yadda nake magana haka zan rubuta, wanda ya ga gyara ya gyara.

Ni dai Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba. Na shiga gareji na gudu, na koyi ɗinki na gudu, na tafi Legas na dawo, na sayar da katin waya na gaji. Yanzu ma da nake wannan rubutu ƙafata rawa take. Lokacin da Sanusi ke kwaleji, kabu-kabu nake yi. Shi kuwa zama aka rubuta mashi, don da sikila aka haife shi. In ciwon ya taso sai ya kwanta yana cizon matashi, in ya lafa ya tashi ya ɗauki littafi. Duk unguwa an san da haka, kuma kowa lallaɓa shi yake. In muka yi ɓarna tare, ni za a kama a zane, shi a ce ya wuce gida. In ya zana doki ya fito da kamar akuya, sai a ce kai, madalla. A lokacin haushi nake ji, ina ganin gata ne. Sai da muka girma na gane abin shi ya fi ci.

Malaminsu na aikin jarida ya ce kowane ɗalibi ya haɗa mujalla tun daga bango har shafin ƙarshe, sannan ya kai wa mutanen da aka yi ta dominsu, ya dawo da abin da suka ce a kanta. Rabin maki a wannan dawowar yake. Yawancin 'yan ajinsu siyasa suka ɗauka, don a shekarar ba ka jin komai sai ita, kowane bango a cikin birni an manne shi da fuskar ɗan takara. Sanusi ya ce shi motoci zai yi, kuma tsofaffi. Na ce mashi kowa na maganar sabon zamani, kai kana bin gawar ƙarfe? Ya ce sababbin motocin da za su zo, da masu ɗaukar hotonsu za su zo, waɗannan kuwa in an yi sake 'yan gwangwan ne za su sare su su auna a sikeli. Ya sa mata suna Tsohon Ƙarfe.

Ni na zama ƙafarsa. Kullum in goya shi a mashin mu bi lungu-lungu, daga Ƙofar Durbi zuwa Ƙofar 'Yandaka, muna tambayar wa ke da tsohuwar mota a ajiye. Mun yaye tamfol mun ishe kaza na kwanci a kujerar direba. Mun ga mota ƙirar kunkuru da aka mai da ita rumbun dusa, mun ga landiroba da bishiya ta tsiro ta ƙarƙashinta. Wadda ta fi su duka ita ce farar fijon Alhaji Mani mai hatsi, ta nan unguwarmu, wadda tun muna yara ake kira Hajiya Babba, kuma har lokacin tana tashi in an tura. Ita ya zaɓa wa bango.

Sanusi ya samo wasu tsofaffin mujallun Turawa wurin mai sayar da littattafai a Babbar Kasuwa, ya ga yadda suke ɗaukar mota ita kaɗai, ba kowa kusa. Shi ma haka ya ce za a yi. Aikina ke nan, in kori yara, in kori awaki, in roƙi mai motar da kansa ya ɗan matsa. Shi kuma ya kwanta a ƙasa da kyamarar aro, ya ɗauko ta daga ƙasa don ta fito da kwarjini. Ƙarƙashin kowane hoto ya rubuta shekarar ƙira da girman inji, da Turanci da Hausa. Da almakashi da gam ya jera shafukan a tabarmar ɗakinsa kafin a kai wurin buga takardu. Da ta fito, wallahi ta yi kyau. Ni ma haka na ce.

To, sai kai wa mutane. Ya ɗauke ta ya bi majalisun dattawan da muka ɗauki motocinsu, bayan la'asar, ya gaishe su, ya karanta masu, ya yi tambayoyinsa. Ko'ina amsa ɗaya: madalla, aiki ya yi, Allah ya yi albarka. Ina gyara, Baba? Babu gyara, ɗana. Wanda ya san mutanen garin nan ya san ba a duban idon mutum a kushe abin da ya kawo da hannunsa, balle ɗan unguwa, balle Sanusi. Ya kwashi madallarsa ya kai kwaleji. Malamin ya duba ya ce wannan addu'a ce aka yi maka, ba sharhi ba. In ba ka kawo mani abin da masu karatu suka ƙi ba, ba zan sa hannu ba, sai dai ka dawo baɗi. Ga wani ɗalibin, baɗi abin haushi ne kawai. Sanusi bai taɓa yin lissafi da baɗi ba.

Ya same ni a bakin titi ina jiran fasinja. Ya ce, "Hamisu, kai dai ba wanda ke jin kunyarka a garin nan." Na ce na gode da yabo. Ya ce, "Gobe zan koma majalisar Alhaji Mani. In na gama zan tashi in tahi. Kai ka zauna. Duk abin da aka ce bayana, ka kawo mani shi yadda yake, kada ka wanke."

Zama shi ne abin da ban iya ba, amma na zauna. Ya yi sallama ya tafi, ni kuma na durƙusa gefen tabarma ina goge fulogin mashin da ba abin da ya same shi. Ko kwana bai sha ba Baba Audu, tsohon direban lori, ya ce, "Alhaji, ni hwa da na ga Hajiya Babba a bangon nan ita kaɗai, gabana ya hwaɗi. Na ɗauka sanarwar rasuwarta ce." Aka kwashe da dariya. Alhaji Mani ya ce, "Yo ni da motata ya ce in matsa! Motar da ta kai amaren unguwar nan ɗakinsu, ta kai uwarshi asibiti ranar da za a haihe shi, abin da ya gani ya rubuta girman inji. Wa ya tambaye shi?" Aka yi ta yi, kowa na jefa tasa. Can wani dattijo ya ce, "Ku bar shi don Allah. Yaron ba lahiya gare shi ba. Wanda bai san ko zai ga baɗi ba, me za ka ce mashi in ba madalla ba?" Aka ce haka ne.

Na tada mashin na zaga gari. Na bi ta kasuwa, na fita ta Ƙofar 'Yandaka na dawo, mutane na tsayar da ni ina wucewa. Da na gaji na shiga ɗakinsa na zazzage mashi maganar sanarwar rasuwa da ta girman inji. Yana rubutawa, har yana ɗan murmushi. Ya ɗago ya ce, "Sai me?" Ya san ni, ya san akwai saura. Na faɗa mashi ta ƙarshen. Ya ajiye biro ya ce in fita.

Muka ɗauki kwanaki ba ya amsa sallamata. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta aiko aka kira ni zaure, ta ce, "Kai Hamisu ba ka da imani? Me ka gaya wa ɗana ya ƙi abinci?" Ina nan ina shirin sake barin gari, wata safiya na fito na ishe shi tsaye jikin mashin ɗina da kyamara a wuya. Bai gaishe ni ba. Cewa ya yi, "Tada mu tahi."

Lokacin miƙa aiki ya matso, amma ya warware mujallar duka ya sake. Wannan karon aikina tara mutane. Alhaji Mani ya shiga gida ya sako babbar riga ya dafa Hajiya Babba, jikoki suka hau bonet, Baba Audu ya kutso kai ba wanda ya gayyace shi. Matan da motocin suka kai gidan miji ba za su fito hoto ba, sai Inna Rabi, wadda ta gama yi mani faɗa, ta yafa mayafi ta bi su gida-gida tana kwaso labari tana kawo mashi. Sau ɗaya ciwon ya kada shi a tsakiyar aikin. Daga kwance yake nuna mani inda zan yanka da inda zan manna, yana zagina in na karkace.

Ranar da ya koma majalisar da sabuwar, ya buɗe shafin Hajiya Babba ya karanta labarin wata amarya, wadda a lokacin har ta yi jikoki, da ta ce motar ta mutu da ita a hanyar Jibiya, sai abokan ango suka tura ta har ƙofar gida, ita tana ciki tana kuka tana dariya cikin lulluɓi. Alhaji Mani ya miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Hajiya Babba ba ta taɓa mutuwa a hanya ba! Mai ne ya ƙare!" Baba Audu ya ce, "Alhaji ka ji tsoron Allah, da ni aka tura, har yau kahwaɗata na tuna mani." Alhaji ya juyo kan Sanusi yana nuna shi da carbi. "Kai kuma ɗan banza mara kunya, ka rasa wanda za ka tozarta a takarda sai ni? Kada ka sake taka ƙohwar gidana!" Sauran suka shigo, wannan ya ce hoton shafi kaza ya yi duhu, wancan ya ce rubutun ya yi ƙanana ga idon tsoho, wani ya ce an bar motar yayansa. Sanusi na durƙushe yana rubutawa.

A hanyar gida na ji yana girgiza a bayana, na ɗauka ciwon ne, na taka birki. Ashe dariya yake, da hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ce, "Hamisu, ka ji? Ɗan banza ya ce mani. Yau an yi mani hwaɗa kamar kowa."

Malamin ya sa hannu. Sanusi ya karɓi takardarsa, ya yi ta maganar fitowa ta biyu, ta manyan motocin ɗaukar kaya. Bai kai ga yi ba. Damina biyu bayan nan ciwon ya taso bai lafa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sababbin motocin da ya ce za su zo sun zo, manya, baƙaƙen gilasai, ba ka ganin wanda ke ciki, shi ma ban tabbata yana ganinka ba. Mun yi murna da farar hula, har yanzu ban ce a koma baya ba. Amma duk inda mai kujera ya tsaya madalla ake zuba mashi, sai ya ba da baya a buɗe baki, kuma ba shi da wanda zai zauna ya goge fulogi ya kawo mashi magana ba wanki. Ko da yana da shi, ban san ko zai iya cewa "sai me" ba. Yawancin motocin da ke cikin Tsohon Ƙarfe kuwa 'yan gwangwan sun gama da su, yadda ya faɗa. Kunkurun dusa ta tafi, landirobar ta tafi. Wasu gidajen, hoton da ke cikin mujallar shi kaɗai ya rage na motar da na mai ita.

Hajiya Babba na nan. Ba ta tashi ko an tura, tayoyinta sun nutse a ƙasa. An zo an taya ta ba sau ɗaya ba, Alhaji Mani ya kore su. Mujallar da ya rantse ba za ta shiga gidansa ba tana cikin akwatin gaban motar, ta yi laushi don buɗewa. Duk baƙon da ya zo sai ya sa an ɗauko, a buɗe shafin, ya nuna da yatsa ya ce a duba ƙaryar da yaron nan ya yi mashi.

A zaman makokin Sanusi kowa alheri ya faɗa, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai irin alherin da ake faɗa wa kowane mamaci ne. Ni abin da ke riƙe ni ba shi ba ne. A duk garin nan wuri ɗaya nake iya zama ƙafata ta daina rawa, gefen tabarmar majalisar Alhaji Mani bayan la'asar. Sanusi ya tashi ya tafi, ni na zauna, yadda muka shirya. Shekara bakwai ina saurare. Jiya ma Baba Audu ya tsokano zancen, Alhaji ya harzuƙa har hularsa ta faɗi, ya ce ɗan banzan yaro, mai ne ya ƙare, sannan muryarsa ta sauka ya ce Allah ya jiƙan shi. Na tada mashin kamar kullum, na kai ƙofar gidansu kafin in tuna ba wanda zan kai mawa. Shi ya sa na kawo maganar nan, a rubuce. Sanusi, ga shi ba wanki: har yau faɗa ake yi maka.