Ramin da Bai Kai Ba

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gida irin namu, inda jinin Fulani ya fi yawa, wannan ba abin mamaki ba ne. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Chinade. Can na girma, can kuma na kama aikin koyarwa a firamare. In na hau babur na zo Azare gaishe ta, sai in durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi wancan ko ya ci abinci." Ina ji da kunnena, amma sai ƙanwata ta maimaita mini, in ba da amsa, ta mayar mata. Mun yi shekara talatin muna hira ta bakin wani, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba.

Mahaifinmu ya rasu a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a garin. Rasuwarsa ce ta sa aka raba gidan kakanmu, wanda aka daɗe ana ɗaga rabonsa. Mu aka fitar mana da gona, ɗakin Inna mahaifiyata kuwa ya faɗa cikin rabon Baffa, yayan mahaifinmu. Ba wanda ya ce ta fita. Amma an sa wa ɗan Baffa ranar aure, mata suna ta shigowa suna auna ɗakin da ido. Inna tana gama takaba ta fara zuba kwanukanta cikin buhu. Ƙanwata ce ta kawo mini saƙon: Inna ta ce ba abin da ya rage mata a duniya sai ɗaki ɗaya nata, wanda za ta rufe ƙofarsa ba da alfarmar kowa ba.

Sai Baffa ya kira ni a gaban 'yan'uwa ya ce ya ba mu filinsa na bayan unguwa, kyauta, saboda zumunci. Aka yi ta sa masa albarka. Ba mugu ba ne Baffa, ban taɓa cewa haka ba. Mutum ne dai mai son ya yi alheri a inda za a gani, kuma in ya yi, yana son ya riƙa jin labarinsa yana yawo a gari.

Na nemo birkila, wani Bayarabe haifaffen Azare, wanda mahaifinsa ya tsufa yana sayar da kayan gini a kasuwa. Kowa Baba yake ce masa. Gajere ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri, kuma in yana bakin aiki ko uwarsa ce ta zo sai ta jira. Da na gaya masa ƙarfina ɗaki ɗaya ne a bana, sauran sai Allah ya hore, sai ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da ƙusa. Ya ce shi ba ya haƙa dogon rami ya kewaye gida gaba ɗaya. Kowane ɗaki yakan yi masa ƙafa huɗu nasa na kansa: rami a kowace kusurwa, a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a saka akwatin katako, a jera rodi, a zuba kankare. Sannan a ɗaure ƙafafun da wata ɗamarar kankare daga sama, a bar bakin rodi a waje, yadda in an tashi ƙara ɗaki baɗi sai a ɗaura a jiki.

"Ɗaki kamar gado ne, Malam," in ji shi. "In ƙafa ɗaya ta nutse, mai kwanciya ne zai sani."

Da bazara muka fara, zafin nan da ke sa kare ya ƙi tashi daga ƙarƙashin mota. Ramuka biyu na gaba ba su ba mu wuya ba. Leburori suna kaiwa ƙirji suka tarar da jan ƙasa, diga tana bugawa tana ƙara. Na baya kuwa sai baƙar ƙasa take fitowa, mai laushi, mai wani wari kamar na tsohuwar randa. Shebur ya fara ɗebo tsingaro, da ƙasusuwa, da tsumma, da rabin takalmin roba. Baba ya shiga ramin da kansa, ya danƙi ƙasar ya murza, ya fito yana goge hannu a wando.

"Malam, bayan filin nan tsohon kududdufi ne. Nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar nan, aka zo aka cike shi da shara."

Na ce, "To, yaya za a yi, Baba?"

"A ci gaba da haƙa. Ko tsayin mutum biyu ne, sai an kai."

Na ce a haƙa. Wannan dai na faɗe shi, kuma shi kaɗai nake da shi na kare kaina.

Ranar Juma'a da safe aka kwaɓa kankare don ramukan gaba, na baya kuwa suna nan a ƙugu ba a gama ba. Muna shirin zubawa sai ga Baffa cikin farar babbar riga, tare da limamin unguwa da dattawa huɗu. Ban gayyace su ba, amma ba sai an gayyace su ba. A wurinmu dattijon gida ne yake zuba kwanon farko na harsashin gini bayan an yi addu'a, balle kuma shi ya ba da filin. Aka gaisa, aka cika masa kwanon sarki. Maimakon ya tsaya a gaba, sai ya zagaya ya nufi kusurwar gabas, wai da gabas ake farawa. Ramin gabas kuwa shi ne mafi muni a cikin biyun.

Baba ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ramin nan bai kai ba. Ka gaya masa."

Magana ɗaya ce tak ya kamata in yi: Baffa, wannan ba a gama ba, mu fara da na gaba. Amma na san abin da zai biyo baya. Wani dattijo zai tambayi dalili, tulin baƙar ƙasa da tsumma yana nan a gefe kowa yana gani, kuma amsar ita ce kyautar da ake ta yabo a masallaci juji ce. Ni ɗan ƙanensa, wanda ko girma bai yi a gidan ba, in faɗi haka a gaban abokansa. Na kau da kai daga Baba. Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Baffa ya leƙa ramin, ya ɗan jima yana kallo, sannan ya yi bisimilla ya juye kwanon. Har yau ina tambayar kaina abin da ya gani a ciki.

Bayan sun tafi Baba ya ce, "Bai bushe ba. Kwano ɗaya ne, yanzu za a kwashe shi."

Na waiwaya. Filin a bayan katangun unguwa yake, ga mata suna leƙe, ga masu wucewa sun tsaya. A kwashe abin da liman ya yi wa addu'a, Baffa ya zuba da hannunsa, kafin a sauko daga masallaci labari ya kai masa. Na ce, "Zuba kawai, Baba."

Ya dube ni, irin kallon da ni nake yi wa ɗalibin da ya san amsa ya ƙi faɗa. "Kai ne mai gida," ya ce. "Amma ka riƙe, ni ban ce ya kai ba."

Ya yi iya yinsa. Ya faɗaɗa gindin ramukan biyu, ya ƙara rodi, ya sa aka daddaka ƙasar da guntun icce. Ni kuma na ɗauki ban ruwa da zafi. Kwana bakwai ya ce, na yi sha huɗu, safe da yamma ina bin 'yan ga-ruwa, ina shayar da kankare kamar ruwan zai gyara abin da ke ƙarƙashinsa.

Inna ta tare kafin ruwan farko. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta ɗaure makullin a gefen zanenta, ko bayan gida za ta zagaya sai ta kulle ƙofar, ta dawo ta buɗe. Ta shuka zogale da lalle a gefen katanga. Wata rana ina daga waje na ji tana dariya da ƙarfi, har na tsaya don in tabbatar ita ce. Damina ta zo ta wuce lafiya, na fara cewa a raina Baba ya cika tsoro. Da kaka na ƙara ɗaki na biyu ta yamma, inda ƙasa take da kyau, na kawo matata.

A damina ta biyu ne bangon baya ya tsage, siriri kamar zare. Sai ƙofa ta fara gogar ƙasa. Na kira kafinta ya fere ta, bayan mako uku na sake kiransa. Inna kuwa sai ta rataye tabarma a kan tsagin. Da na ɗauko Baba ya ɗage tabarmar, yatsansa ya shige, ya jujjuya ya ga har tafin hannunsa yana shiga. Bai yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

"Fitar da ita," ya ce. "Yau, ba gobe ba."

Na aiki ƙanwata, wadda a lokacin take aure a unguwar. Na ce Inna ta koma ɗakinmu, ni da matata mu nemi wuri. Amsa ta dawo: ita ba za ta kwana a ɗakin ɗan fari da matarsa ba, kuma ba inda za ta je. Na sake aikawa, ta yi ƙememe. Ya kamata in shiga in kwashe kayanta da hannuna, ta yi fushi ta gama. Amma ban san yadda ake ba da umarni ga wadda ba ta taɓa kallon idona ba. Na tokare bangon da itatuwa biyu, na ce da ruwa ya ɗauke za a rushe a sake.

Ruwa bai jira ba. Aka yi kwana uku ana malka, ina Chinade wajen gona, da la'asar wayata ta yi ƙara, maƙwabcinmu ne. Na taho a babur ruwa yana dukana, ban san yadda na iso ba. Kusurwar gabas ta nutse, bangon baya ya kwanta waje, rufin ya rufto. Inna tana kan sallaya, katakon rufi ya same ta a ƙugu. Ɗakina kuwa, da yake ƙafafunsa daban, ko fenti bai ɓare ba.

Aka yi asibiti, aka ɗauko maɗori daga Disina, ƙashin ya haɗu a karkace. Baffa ya zo ya tsaya a kan lamarin sosai, ya ce matar ƙanensa ba za ta wulaƙanta ba yana raye. Aka mayar da ita gidan da ta baro. Tsohon ɗakinta da amarya a ciki, sai aka share mata ɗakin da ake ajiye hatsi. Ko ƙofa ba shi da ita, asabari aka rataya. Na ce zan sake gina mata, na kuma fara tara bulo. Amma ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuma a can ne ake da hannuwan da za su ɗaga ta.

Duk Juma'a nakan zo in durƙusa daga bakin asabarin. Na rame, kowa yana faɗa. Wata rana ƙanwata tana ciki tana shafa mata man zafi, sai na ji muryar Inna.

"Ki gaya wa wancan ya daina cin kansa. Ni ma na san wurin. Shekara goma sharar gidan nan can nake aikawa a zubar."

Ƙanwata ba ta maimaita mini ba. Ita ta yi tambayar da ni ba zan iya yi ba. "To Inna, me ya hana ki faɗa tun farko?"

"In faɗa wa wa? Yayan mijina ya yi kyauta, in ce shara ce?" Na ji tana gyara kwanciya da ƙyar. "Na ɗauka shi da ya yi boko, in ya gani zai yi magana."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fita zaure na zauna na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Ashe tun daga farko ni take jira, ni kuma ina can ina tsare mutuncin Baffa.

Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a ɗakin hatsin nan, a nan ta rasu. A zaman makoki ina kusa da Baffa, mutane suna shigowa suna yi mana gaisuwa. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka zo ranar zuba kankare ya kama hannuna, ya ce in gode wa Allah da ya ba mu uba irin wannan, wanda ya ba marayu fili, da ƙaddara ta faɗa kuma ya riƙe uwarsu har ƙarshe. Duk aka juyo ana kallona. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na ce, "Allah ya saka masa da alheri." Aka ce amin.