Ranar Da Goggo Ta Ajiye Jan Biro

Goggona, ƙanwar babanmu, ta shekara talatin tana koyar da kimiyya a sakandare. Ɗalibai suna ce mata Malama Makulli, don kullum akwai makullin ɗakin gwaji ɗaure da igiya a jakarta. In aka zo darasin maganaɗisun duniya, sai ta zaro shi ta yi ta wulwulawa a saman kanta.

"Ku kalla," in ji ta. "Ƙwayoyin nan masu caji da ke zuwa daga rana, in maganaɗisun duniya ya kama su, ta gefe yake jan su, kamar yadda igiyar nan ke jan makulli. Sai su yi ta kewayawa. Hanya kawai yake lanƙwasa musu, bai ƙara musu gudu, bai ragewa."

Wata shekara aka kira ta duba takardun jarrabawar fita, aikin da ta daɗe tana buri. Aka raba wa masu dubawa jan biro da takardar amsoshi, ta fara aiki har ta kai tambaya ta bakwai. Wai maganaɗisu yana ƙara wa ƙwayoyin gudu! Ke nan duk yaron da ya rubuta gaskiya za a ja masa layi.

Ta sami shugaban masu dubawa. "Ranka ya daɗe, amsar nan kuskure ce."

"Malama, ba gyara aka kira ki yi ba. Bi takarda."

"Ni? In kayar da yaro don ya gane karatu? Wallahi ba da hannuna ba."

Kai, Goggo! A gaban mutum arba'in ta zaro makullin ta shiga wulwulawa, har sai da shugaban ya sunkuya. Ya ce ta bi takarda ko ta kama hanya. Ta ajiye masa jan biron a kan tebur, ta ɗauki jakarta.

Bayan kwana huɗu aka gyara amsar a ɓoye. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ba a kuma sake kiranta ba har ta yi ritaya. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Na taɓa tambayarta ko ta yi da-na-sani. Ta harare ni.

"Na yi mana. Kafin in kai tambaya ta bakwai, sai da na bi takardar nan a tambayoyi shida ban bincika ba."