Ruwan da Littafi Ya Wanke

Shekaranjiya jikata ta miƙo mini ruwa daga wata randa da aka manta ba a wanke ba. Ina kai moɗar baki na ji ɗan bashin nan, na watsar. Yarinya ta tsaya tana kallona kamar na zare. Ba ta san inda warin ya mai da ni ba. Ku ma ba ku sani ba, to ku saurara.

A ƙauyenmu, tsakanin Bakori da Danja, kowace tambaya da ƙofar da ake kai ta. In ciwo ne, akwai tsohuwa mai saiwoyi. In iyakar gona ce, sai dattawan da aka sari dajin a gaban idonsu. In kuwa halal da haram ne, sai a ɗaura wa jaki akumari a tafi Bakori, wajen wani malami mai littattafai cikin gafaka, rubutun hannu, takardun har sun yi ja don tsufa. Mu yara ko gafakar ba mu taɓa gani ba. Abin da muka sani kawai, in aka ce “littafi ya ce”, to magana ta mutu.

Wata bazara mahaifina ya tafi fatauci, gida yana hannun wansa, Baffa. Rijiyarmu ɗaya ce, a bayan gida. Baffa ya kwashe itatuwan da aka rufe bakinta da su ya gyara rumbunsa, ya ce zai mayar. Bai mayar ba. Ana nan aka nemi ɗan akuyarsa aka rasa, ya ce kura ce ta ɗauke.

Ni ke jan ruwa a gidan. Da farko ɗan ƙarni ne. Daga baya guga na fitowa sai ka kau da kai, har gashi nake tsinta a jikinsa. A ido kuwa ruwan garau, abin takaicin ke nan. Rafi da nisa, shekarun kuma mahara na kama mutane a hanya, ba macen da za ta fita bayan gari ba namiji. Ga ƙanena ba a daɗe da yaye shi ba, kununsa da komai nasa da ruwan nan ake damawa.

Inna ta durƙusa a ƙofar turakar Baffa. “Baffan yara, a taimaka a yashe rijiyar nan. Wallahi akwai mushe a ciki.”

Yasar rijiya kuwa sai an yi gayya, a janyo maza ana tsakar sharar gona, kuma duk wanda ya zo zai tambayi ina itatuwan bakin. Baffa ya ce ai mata ba su san shari'a ba, zai je ya tambayo. Ya hau jaki da sassafe, ya dawo da la'asar yana hura hanci.

“Malam ya buɗe littafi a gabana,” in ji shi. “Ruwan da bai jirkita ba mai tsarki ne. Kada in ƙara jin maganar nan.”

Kun san abin da har yau yake tayar mini da zuciya? Manya masu gemu, masu hanci irin na kowa, suka dinga alwala da ruwan nan suna riƙe numfashi, su kurkure baki suna yatsina, su ce ai littafi ya wanke shi. Tir! Jakin Baffa ma sai ya shinshina ya ja da baya. Inna ta tace da tsumma, ta shanya a rana, duk a banza. Haka take ba yaron tana share hawaye, don ba wani ruwan.

Gudawa ta kama shi, da amai. Idanunsa suka faɗa ciki, kuka ma ya gagara. Kwana kaɗan ya cika a cinyar Inna, da hantsi.

Malamin ya zo ta'aziyya da kansa, domin abokin mahaifina ne. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, aka ce in kai wa baƙo ruwa. Inna ce ta cika ƙwaryar da hannunta, daga rijiyar, ba ta tace ba. Na durƙusa na miƙa. Ya ɗaga, kafin ta kai leɓensa ya ajiye, ya dubi Baffa.

“Wannan ne ruwan da ka tambaye ni?”

Baffa ya sunkuyar da kai.

“Na tambaye ka ko ya jirkita. Ka ce garau yake kamar na sama. Abu uku littafin ya faɗa: launi, ɗanɗano, wari. Kai ɗaya ka kawo mini.”

Malamin ma dai ban wanke shi ba. Me ya hana shi tambayar sauran biyun tun a Bakori?

Ranar aka yashe rijiyar. Abin da aka fito da shi a kwando ba zan kwatanta muku ba, wataƙila wani yana cin abinci. Baffa ya ce ƙaddara ce, mutane suka ce haka ne.

Yau littattafai sun yawaita, masu juyarsu sun cika gari, kowace unguwa da malaminta. Amma halin nan yana nan daram. Mutum zai fito gida da amsarsa a aljihu, ya datse tambayar, ya ɓoye rabin da ke wari, ya yi ta zagayen zauruka har ya sami mai ce masa “to”. Sannan ya dawo ya toshe wa mutane baki da sunan littafi. Ni ban taɓa jin haushin littafi ba, masu ɗaukar masa tambaya nake ƙyama.

Baffa ya rayu har ya ga tattaɓa-kunne, ana ta zuwa neman shawararsa, wai ya san malamai. Ƙanena kuwa ko sunan ruwa bai gama iyawa ba. “Uwa” yake cewa, ya miƙo hannu, mu kuma mu ba shi.