Igiyar Shanyar Briskila

Shekara ashirin da biyu Briskila ta yi tana faɗa da mijinta Ishaku a kan igiya guda. Masunci ne a Tiga. In ya dawo daga ruwa sai ya rataye jiƙaƙƙen tarunsa a igiyar shanyarta, daidai kan zanen zumuntar mata da ta wanke don Lahadi. Haka take shiga coci tana ƙarnin kifi, na kusa da ita suna matsawa.

Ta kai ƙararsa wajen matar fasto ya fi sau goma. Kullum amsar ɗaya ce: "Maman Saraya, ki yafe yadda Ubangiji ya yafe miki. Igiya ce fa." Briskila ta ce to, ta koma gida ta ɗora daga inda ta tsaya.

Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da Ishaku, kwana huɗu ya rasu.

Ni maƙwabciyarta ce. Tun lokacin ban ji kukanta ba, ban ji faɗanta ba. Akuyata ta cinye mata shanyar kuɓewa, kallonta kawai ta yi ta shige ɗaki. Zanenta ƙamshin sabulu yake yi yanzu, ba mai matsawa.

Asabar ɗin nan na leƙa ta katanga. Ta shanya zanen, ta tsoma tsohon tarun a bokiti, ta rataye a kansa. Ta daɗe tana kallon ruwan yana ɗiga, sannan ta kai zanen hancinta. Daga fuskarta na gane babu ƙarni ko kaɗan.